Ƙwallon da Ke Faɗuwa Tsakaninmu

Lahadi, 5 ga Oktoba

Doguwa tana asibiti. Gwiwarta ce. Na rubuta ne ko abin zai zauna a kaina, har yanzu bai zauna ba.

Jiya aka buɗe gasar ƙwallon raga ta ƙungiyoyin matasa. Wasanmu na biyu, muna gaba ma. Suka bugo wani ƙwallo mai lilo, marar ƙarfi, irin wanda ko ido rufe ana ɗauka, ya nufo tsakanina da ita. Ni ce mai tsaron baya. Ni kaɗai ke sa riga ruwan ɗorawa cikin masu shuɗi, kuma aikina ne in faɗi mai ƙwallo tun yana sama: nawa, naki, waje. Saboda kalmomin nan uku ake kirana Lasifika. Na tafi, ita ma ta taho. Kafaɗata ta shiga gefen ƙafarta, na ji ƙara kamar ƙafar kujerar roba ta ɓalle. Doguwa da ko yatsa ya goce mata ba ta kuka, jiya har da kiran mamarta.

Ita ce kyaftin ɗinmu. Ita ta ja ni zuwa ƙungiyar nan tun muna firamare, wai surutuna ya yi yawa a aji, gara in kai shi inda zai yi amfani.

Na ce nawa. Ina ganin na ce. Da safe na tabbata na ce, yanzu da yamma ban sani ba.

Talata, 7 ga Oktoba

Atisaye. Koci ta sa Auta a gurbin Doguwa. Shekararta goma sha huɗu, ƙafafunta kamar tsinken tsintsiya, sai murmushi take don an sa ta cikin manya. Ni kuwa gwiwoyinta nake ta kallo.

Koci ta jefo ƙwallo tsakaninmu. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Ƙwallo ya faɗi tim, ni ina kallon Auta, Auta tana kallona. Aka yi dariya. Koci ta ce, “Lasifika, batir ya ƙare ne?” Ni ma na yi dariya. Ta sake jefowa, haka. Ta sake, haka. A na huɗu babu wanda ya yi dariya.

Ba wai na ƙi ba ne. Kalmar tana zuwa har maƙogwaro, sai wani abu ya ce min: idan kika faɗa kika tafi, ita ma ta taho fa? Kafin in ba shi amsa ƙwallo yana ƙasa.

Alhamis, 9 ga Oktoba

An yi wa Doguwa aiki. Kowa ya je dubiya, ni na ce wa Mama kaina ke ciwo.

Asabar, 11 ga Oktoba

Babban Yaya ya samo bidiyon wasan a wurin baban wata ’yar ƙungiyarmu. Ya shigo yana ɗaga waya kamar ya ciyo kofi, wai “zo ki wanke kanki.” Na karɓa. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na ƙure sauti.

An ɗauko ni ta baya. Ba a ganin bakina. Sauti kuwa ganga ce da ihu, da wani mutum kusa da wayar yana tambayar inda ake sayar da ruwa. Na maimaita, na maimaita, na manna wayar a kunne har ya yi zafi. Akwai wani wuri da kamar an ce wani abu. Kamar kuma takalmi ne ya goga ƙasa.

Na kalli faɗuwarta sau da yawa don neman kalma ɗaya. Yanzu ko ido na rufe ita nake gani, kalmar kuma ban samu ba. Babban Yaya ya ce a ƙofa, “To ya?” Na ce ya ɗauke wayarsa. Ya ga fuskata, bai tsokane ni ba. Wannan ma ya ba ni tsoro, mutumin da ko ciwo nake sai ya ce ƙarya nake.

Talata, 14 ga Oktoba

Koci ta tara mu ta zaunar a ƙasa. Tana da wani yatsa karkatacce tun zamanin da take wasa, da shi take nuna mutum. Ta ce a wasan nan kan mutum ne ke fara faɗuwa kafin ƙwallo. Ta koya mana abin da za mu riƙa yi bayan kowane maki, an ci mu ko mun ci: ki ɗaga ƙafa ki goge tafin takalmi da hannu, dama da hagu, ki kalli ƙulli ɗaya a jikin raga, ki ja numfashi. “Da kin goge takalmi kin goge makin da ya wuce. Babu shi. Wanda ke zuwa kaɗai ke akwai.”

Yara suka yi ta yi suna wasa. Ni na yi da gaske. Na dawo gida tafin hannuna baƙi ƙirin, Mama ta ce gawayi na koma sayarwa?

Yana goge makin ɗazu. Na ranar Asabar ɗin can ne ba ya gogewa.

Asabar, 18 ga Oktoba

Gasa ta biyu. An yi mana kaca-kaca.

Tun a mota nake jin fitsari, na je ban yi komai ba. Aka hura usur aka fara. Ƙwallon da ya zo kaina kai tsaye ina ɗauka lafiya lau, hannuna bai manta komai ba. Amma na tsakani... Sau biyu kawai ya faɗi, kocin ɗaya ɓangaren ya gano. Na gan shi da idona ya kare baki da hannu yana yi wa mai bugun farko magana, yana nuna ratar da ke tsakanina da Auta. Daga nan duk bugu nan yake zuwa. Ba su ma sa ƙarfi. Lallaɓo shi suke kamar ana miƙa wa jariri.

Ga rigar nan ruwan ɗorawa. Da ina alfahari da ita, yau ji na yi kamar an kunna min fitila a ka. Duk zauren ya san inda ramin yake.

Auta ta fara yin wani abu: ta yi taku ɗaya, ta tsaya, ta kalle ni, ta sake taku. Yarinyar tana jira in ce mata wani abu, ni kuma ina roƙon Allah kada ta motsa. Na goge takalmi har hannuna ya yi zafi. Ƙullin ragar da na zaɓa kuwa na kalle shi har na tsane shi.

A hanyar dawowa ba wanda ya ce min komai. Da sun zage ni da ya fi min sauƙi.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Mama tana guga ta ce, “Gidan nan ya yi shiru. Maƙwabciya har tambaya ta yi ko kin yi tafiya.” Na ce karatu ne. Ta ce, “Uhm.” Na san wannan uhm ɗin.

Talata, 21 ga Oktoba

Koci ta tsayar da ni bayan an tashi. Muna naɗe raga, ita a can ni a nan, ba ta ko kallona.

Ta ce ba ta damu da makin da muke zubarwa ba. Ta ce, “Kina ganin shirunki yana kare Auta ne? Wata rana za ta gaji da jira ta taho da gudu, ke ma jikinki ya kai ki, babu wadda ta ce komai. Ranar nan nake tsoro.” Sai ta ce idan har gasar ƙarshe ta zo bakina bai buɗe ba, za ta karɓi rigar. Ba don hukunci ba, don ba za ta sake ɗaukar yarinya a hannu zuwa mota ba.

Na ce to. Me zan ce?

Da ina tsoron in yi magana wani ya ji ciwo. Yanzu an ƙara min tsoron in yi shiru wani ya ji ciwo. Na fito na zauna a bakin matakala kafin na tafi gida.

Asabar, 25 ga Oktoba

Mama ba ta yi shawara da ni ba. Ta ce sa takalminki. Sai ga mu a ƙofar gidan su Doguwa.

Tana kwance a falo, ƙafar a miƙe cikin wani abu mai ƙarafa da maɗaurai. Ta rame. Iyayenmu suka shige ciki suka bar mu. Ta sha mur, ta ce, “Sai yau kika ga dama? Har mai gadin zaure ya zo, ke da muke raba cingam biyu ba ki zo ba.” Ta yi min tas. Wai gwiwa likita ya ɗinke, amma rashin zuwana ba ta san wa zai ɗinke ba. Na yi ta kuka kamar wata sakarya, ita ce ma ta miƙo min tsumma.

Da na samu numfashi na tambaye ta. Na ce, “Don Allah ki faɗa min gaskiya, na kira?”

Ta kalli silin. Ta ce, “Wallahi ban sani ba. Ƙwallo kawai nake gani. Ke ma kin san ni, in na sa ido a kansa ko jirgi ya sauka ba na ji.”

Na ce ta tuna dai. Ta ce ba za ta yi min ƙarya don in ji daɗi ba.

Na so ta ce e, in huta. Ko ta ce a’a, in san abin da na yi. Ashe babu wanda ya sani a duk duniyar nan, kuma babu wanda zai taɓa sani. Da wannan zan zauna ke nan?

Da za mu tafi ta ce ta ji labarin abin da ake mana a fili. “Lasifika ta zama kurma, duniya ta zo ƙarshe.” Ta yi dariya har ƙafar ta motsa ta ce wash.

Talata, 28 ga Oktoba

Muna cikin atisaye muka ji ƙwas, ƙwas. Doguwa ce da sanduna biyu, babanta na biye yana faɗa. Ta zauna a benci ta ɗora ƙafa a kan jakar ƙwallaye.

Koci ta jefo na tsakani. Kafin tsoron ya gama taso min sai na ji daga gefe, “Lasifika, naki!” Jikina ya tafi da kansa. Na ɗauka, ya tafi daidai hannun mai ɗagawa. Na gaba, “Auta!” Auta ta ɗauka, ni na kauce.

Ko ɗaya bai faɗi ba. Na dawo gida na ci abinci har da ƙari.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Gasa ta uku, a ƙaramin zauren wata makaranta. Mun ci wasa biyu! Doguwa tana benci tana rabon ƙwallo kamar mai ba da hannu a titi, muna bi. Masu neman ramin nan sun nema sun rasa. Yara sun ɗaga sandunanta sama suna rawa da su.

Kowa na murna ban da Koci. Na lura ko tafi ba ta yi sosai ba. Ni dai na yi kamar ban gani ba. Abu yana aiki, a bar shi mana.

Talata, 4 ga Nuwamba

Koci ba ta bar shi ba.

Ta ce muryar aro nake wasa da ita. Ta ce gasar ƙarshe a babban zaure za a yi, fili uku a jere ana wasa lokaci guda, usur uku, ganguna, ’yan kallo har sama. “A can ko ni da nake bakin layi ba kya ji na, balle mai zaman benci. Wadda ke kusa da Auta kaɗai Auta za ta ji.”

Doguwa ta ce za ta ƙara murya. Koci ta ce ta ƙara, ba ta hana ba.

Na tuna zauren. A can aka yi gasar farko.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Na shiga banɗaki na kunna famfo na gwada. Nawa! Ya fito garau, har bokiti ya amsa. Babban Yaya ya buga ƙofa ya ce, “Naki ne, ba mai ƙwace miki, sabulu ne ko soso?”

To ga shi muryar tana nan. A banɗaki babu gwiwar kowa, shi ya sa.

Talata, 11 ga Nuwamba



Doguwa ba ta zo ba, an kai ta gashin ƙafa. Aka bugo na tsakani. Na jira murya daga benci, na manta babu kowa a bencin. Da na farga sai na tafi a makare, ita ma Auta ta gaji da jira ta taho. Daidai abin da Koci ta faɗa. Ban san yadda aka yi ba, na dai murɗe jiki na faɗi gefe, kitsonta ya shafi fuskata. Tazarar da ke tsakanin kafaɗata da gwiwarta ba ta kai tafin hannu ba.

Na zauna a inda na faɗi. Ba abin da ya same ni. Koci ta hura usur ta ce a sha ruwa, yatsan nan kawai ta dafe goshinta da shi.

Auta ta zo ta tsuguna kusa da ni da gorar ruwa. Ta ce, “Yaya Lasifika, ni fa ba karon nake tsoro ba. Tsayuwar nan nake tsoro, ban san ko in tafi ko in tsaya ba. Ko zagina ne ki yi, in dai zan ji.”

Yarinya ƙarama. Ni ban taɓa tunanin ita ma tsoro take ji ba, na ɗauka ni kaɗai ke da shi.

Juma’a, 14 ga Nuwamba

Na wanke rigar na ninke na sa a leda daban. Idan na miƙa wa Koci da safe kafin a fara, ba wanda zai ji ciwo ta dalilina. Na faɗa wa Mama. Ta ce, “Rigarki ce.” Sai kuma ta ce, “Amma wadda za a ba, ita ba ta da kafaɗa ne?”

Ban ci abincin rana ba. Gobe.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Ban miƙa ba. Na riƙe ledar har cikin zaure, Koci tana ta fama da takardun alƙalai, na ce bari ta gama. Ba ta gama ba aka kira mu. Shi ke nan dalilin, ba jarumta ba ce.

Zauren yadda na bar shi. Har wurin na gane, kusa da layin baya inda fenti ya ɗan goge. Ƙara kuwa kamar a cikin injin niƙa. Muka fara, na waiga benci: ga Doguwa, jijiyar wuyanta a tashe, bakinta yana buɗewa yana rufewa, ba na jin ko ɗigo. Ido ya raina fata.

Waɗanda suka yi mana kaca-kaca ne kuma, da kocinsu mai kare baki. Bugun farko, tsakani, ya faɗi. Na biyu, ya faɗi. Na goge takalmi, dama, hagu. Na nemi ƙulli a raga. Numfashin ya ƙi shiga. Na ga Koci ta juya tana kallon masu jiran canji, na san me take lissafawa.

Na uku ya taso, mai lilo, marar ƙarfi, irin wancan sak. Ta gefen ido na ga Auta ta yanke shawara. Ba ta yi takun nan na jira ba, tahowa take da gaske, kuma ni ma ƙafata ta riga ta tashi. Na ga farin abin da take ɗaurewa a gwiwa yana matsowa.

Wani abu ya fito daga bakina. Ba zan ce kira ba ne, ya fi kama da kukan akuyar da aka taka. Amma Auta ta tsaya cak kamar an ja mata birki. Na shiga ƙarƙashin ƙwallon ni kaɗai.

Na ɗauke shi da muni, ya tashi ya faɗa cikin ’yan kallo. Maki nasu. Auta ta juyo tana haki tana dariya, ta ce, “Na ji! Yaya, na ji!” Na goge takalmi.

Bayan nan ban san sau nawa ba. Wani ya fito, wani ya maƙale. Biyu sun sake faɗuwa a tsakani. Duk wanda na kira, sai da gabana ya faɗi kafin in kira, babu wanda ya zo da sauƙi. Sau ɗaya na ce “waje” ya sauka a ciki, Koci ta riƙe kai. Mun kai su zagaye na ƙarshe, suka cinye mu da maki biyu. An fitar da mu.

Yara sun yi kuka a mota. Doguwa ta ce duk ihun da ta yi a banza, ta fasa maƙogwaro ba wanda ya ji, sai wata can da ta fi ganga ƙara. Ni take nufi. Da muka sauka Koci ta ce kowa ya kawo rigarsa a wanke ranar Talata. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ta zo kaina ta wuce kamar kowa.

Kowa ya sauka daga motar nan da ƙafarsa, Doguwa da sandunanta, ba wadda aka ɗauka. Na tsaya a bakin ƙofa na gani.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Muryata ta dishe. Ko sallama na yi sai iska. Babban Yaya ya ce a ƙarshe Allah ya karɓi addu’arsa.

Mama ta ce me ya sami muryar? Na rubuta mata a waya: mura. Ta ce, “Uhm,” ta haɗa min ruwan ɗumi da zuma.

Har yanzu ban san ko na kira ranar nan ba. Na sake tambayar kaina da safe, babu amsa, sai na tashi na goge rigar. Tsoron ma yana nan, ban ce ya tafi ba. Ba wani abu ne ya canza ba.

Mama ta ce in huta da magana kwana uku. Na gyaɗa kai. Sai dai gobe Talata, kuma Auta ba ta jin raɗa. Na sake rubuta mata: zumar nan, in an sha sau biyu, tana yi kafin gobe da yamma?